An ce ƙofar ta shekara dubu, ga kuma siminti a jikinta

"Malam, barka da aiki. Kwanakin baya wani abokina ya kawo mini ziyara, ya ce in zaga da shi ya ga wuraren tarihin garinmu. Na kai shi tsohuwar ƙofar gari da babban masallaci da wani tsohon gida da kowa ke nunawa, amma da ya fara tambayoyi sai na yi tsuru-tsuru. Wani dattijo ya ce mana ƙofar ta shekara dubu, wani ya ce ɗari biyar, ni kuwa da idona ina ganin siminti ne a jikinta. A garin aka haife ni, na haura shekara talatin ina wuce wuraren nan. Ta ina zan fara sanin su, kuma yaya zan bambance gaskiya da ƙari?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa: ta ina mutum zai kama bakin zaren sanin tsofaffin gine-ginen garinsu, sannan wa zai yarda da shi idan baki ya saɓa da baki, ido kuma ya saɓa da su duka. Kunyar da ka ji a gaban baƙonka kusan kowa ya taɓa jin ta. Wurin da kake wucewa kullum a kan hanyar kasuwa ko makaranta, idonka ya riga ya mayar da shi alamar kwana kawai, sai baƙo ya zo ya tsaya ya ɗaga kai sannan ka tuna akwai shi. Zan fara da tambaya ta biyu, domin in ka warware ta, ta farkon za ta zo da sauƙi.

Gini ɗaya, shekaru iri uku

Idan aka ce "wannan ginin ya shekara kaza", a aikinmu na binciken tsofaffin gine-gine ba ma rubutawa sai mun tambaya: wane ɓangarensa? Akwai shekarun wurin, wato tun yaushe ake da ƙofa ko masallaci ko fada a wannan filin. Akwai shekarun siffa, wato tun yaushe ginin yake da wannan fasali da wannan girma. Sannan akwai shekarun jiki, ƙasa ko dutse ko bulon da hannunka yake taɓawa yau. Su ukun ba kasafai suke zuwa daidai ba, kuma yawancin gardamar da ake yi a gindin tsofaffin gine-gine daga nan take tasowa: wani yana maganar wuri, wani yana maganar jiki, kowa na ganin ɗan'uwansa ya yi ƙarya.

Ɗauki babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda ake kawo hotonsa duk lokacin da aka yi maganar ginin ƙasa. Ruwayar mutanen garin ta kai masallacin farko a wurin zuwa wajen ƙarni na 13. Amma da matafiyi René Caillié ya shiga Jenne a 1828, masallacin da ya tarar an yi watsi da shi yana lalacewa. Wanda ke tsaye yanzu a 1907 aka kammala shi, kuma yaɓen da ke jikinsa bai fi shekara guda ba, saboda duk shekara ake sabunta shi. To shekarar masallacin nawa? Ɗari bakwai da wani abu, ɗari da 'yan kai, ko guda ɗaya, ya danganta da abin da ka tambaya. Haka masallacin Agadas mai hasumiyar da ta kai mita 27: ana danganta kafuwarsa da 1515, an kuma sake gina shi a 1844.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ginin ƙasa ce kaɗai. A Japan akwai wurin bautar Ise, na katako, da ake rushewa a sake ginawa duk bayan shekara ashirin. Na 2013 shi ne karo na 62. Tsohon birnin Warso a Poland an ragargaza fiye da kashi 85 cikin ɗari nasa a 1944, mutanen birnin suka sake tayar da shi suna duba tsofaffin zane-zane da hotuna, kuma a 1980 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya tana sane da cewa sabon gini ne a kan tsohuwar siffa. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan, har aka yi taro a birnin Nara na Japan a 1994 aka amince cewa ba tsufan kayan gini kaɗai ke sa wuri ya zama na asali ba, har da fasali, da sana'ar da ake gadonta, da amfanin da mutane ke yi da shi.

Saboda haka mai yiwuwa ne dattawanka biyu da idonka duk kuna da gaskiya. Na farko yana nufin lokacin da aka fara kewaye garin, na biyu yana nufin lokacin da aka faɗaɗa ganuwa aka buɗe wannan ƙofar, kai kuma kana kallon gyaran da aka yi da aka zo shimfiɗa kwalta mota ta kasa wucewa. Sai dai ka riƙe abu biyu game da lissafin baka. "Dubu" a bakin mai ba da labari sau da yawa "tun da daɗewa" take nufi, ba ƙidaya ba ce. Na biyu, manyan sunaye suna janyo gine-gine zuwa kansu. Kowane gari yana da sarki ɗaya ko malami ɗaya ko gwanin magini ɗaya da ake jingina wa duk wani abu mai kyau, ko da an yi shi bayan rasuwarsa da shekara ɗari.

Fara da ƙafa, kuma daga ƙofar gidanku

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya nufi wuri mafi shahara tun ranar farko. Can ne labari ya fi yawa, can ne kuma aka fi yi masa kwaskwarima. Ni idan na fita da masu koyo, sai mun yi kwanaki muna yawo a lunguna kafin mu kusanci fada. Dalili kuwa, hanya ta fi gini tsawon rai. Gida yakan rushe a sake shi sau biyar, amma lungun da ke gabansa yana nan da lanƙwasarsa, domin babu mai yarda a ci masa iyaka. Idan ka ga titi ya yi baka yana zagaye tsakiyar gari babu dutse babu rafi da ya tilasta masa, ka yi zargin sawun tsohuwar ganuwa yake bi. Babban titin da ya kewaye tsakiyar birnin Viyana a ƙasar Ostiriya a gurbin ganuwa yake, wadda aka ba da umarnin rushewa a 1857. Titin Wall Street na New York, wanda yau sunansa ya zama sunan kasuwar hannun jari, daga katangar da 'yan Holan suka gina a 1653 ya samo suna. Katangar ta tafi tun tuni, sunan ya zauna.

Wannan ya kawo mu ga sunaye. Ka samu littafi ka rubuta sunan kowace unguwa da kowane lungu da ka sani, ka tambayi kanka me sunan yake nufi. Unguwar da ke ɗauke da sunan sana'a, ko sunan wata ƙabila ko wani gari, tana gaya maka su wa suka fara zama a nan. Wurin da ake kira ƙofar kaza alhali babu ƙofa, ko rijiyar wane alhali shago ne a wurin, shaida ce da ta rage bayan abin ya ɓace. Ka lura da maƙabarta: bisa al'ada a bayan gari ake yin ta a wurare da yawa, saboda haka tsohuwar maƙabartar da gidaje suka kewaye tana nuna maka inda gari ya taɓa tsayawa. Kududdufai a garuruwan ginin ƙasa yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, girmansu na nuna yawan ginin da aka yi kusa da su. Ka duba kuma tsayin ƙasa. Gari yana hawa a hankali, shara da ɓaraguzai da cikon titi suna taruwa, shi ya sa tsohon gini za ka ga sai ka sauka taki ɗaya ko biyu kafin ka shiga. Wanda ya fi nutsewa a layi, galibi shi ya riga sauran zuwa.

Wani abu da nake yawan faɗa da mutane a kansa: tarihi bai tsaya a kan fada da masallaci ba. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa, gidan waya, makarantar farko, tankin ruwa, kurkuku, rumbun ajiyar wani kamfanin ciniki da ya mutu, sinimar da ta koma wurin ajiye kaya, duk suna cikin lissafi. Su ne ma suka fi saurin salwanta, saboda ba wanda yake ganin sun tsufa isasshe har sai an wayi gari babu su.

Yadda ake karanta jikin gini

Da ka tsaya gaban gini, kada ka tsaya a fuskarsa. Fuska ita ake yi wa fenti idan babban baƙo zai zo. Zagaya baya da gefe, inda ba a damu da gyarawa ba, nan za ka ga ainihin abin da ke ƙarƙashin yaɓe.

Kayan gini suna nuna maka lokacin da gini ba zai girme shi ba. Simintin da muka sani a 1824 wani Bature mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Ingila, kwanon rufi kuma ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1820, kuma sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su isa garuruwan da ke nesa da teku, yawanci sai da layin dogo ko hanyar mota ta kai. Don haka in ka san lokacin da jirgi ko mota suka fara zuwa garinku, ka san cewa duk wani ɓangare na siminti da rodi da kwano da wuya ya girmi wannan lokacin. Amma ka ƙwanƙwasa bangon ka duba kaurinsa. Bango mai kaurin da ya wuce tsawon hannunka, da siminti a sama, sau da yawa tubali ne a ciki aka lulluɓe.

Faɗin ɗaki ma yana magana. Kafin ƙarfe, tsawon itacen da ake samu shi ke yanke wa magini faɗin ɗakinsa. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita biyu, shi ya sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, suna jera azara a hankali tana fitowa daga bango har ta haɗu a sama. Idan ka shiga soro mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya, ka san gwani ya yi aiki kuma mai gidan yana da hali. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 shi ne misalin da masana gine-gine suka fi kawowa a wannan fanni, kuma shi kansa daga baya an kewaye shi da sabon gini, wanda ya tsaya a waje ba zai san abin da ke ciki ba.

Sai ka nemi tabo. Ƙofar da aka toshe amma gurbinta na nan, tagar da rufin wani ɗaki ya raba biyu, layin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa inda sabon bango ya jingina da tsoho ba tare da sun sarƙe ba, matakalar da ba ta kai ko'ina. Kowane ɗaya yana nuna an taɓa canza shawara. Bangon da ya jingina shi ne ƙarami a shekaru, wannan ƙa'ida ce mai sauƙi da za ta ba ka jerin abin da ya riga wani ko da ba ka san shekara ko ɗaya ba. Aya Sofiya ta Istanbul a 537 aka kammala ta a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka ƙara mata hasumiyoyi, ta koma gidan tarihi a shekarun 1930, ta sake zama masallaci a 2020, kuma duk waɗannan zamunna suna nan a jikinta ga mai lura. Tsohon gidan da ka kai abokinka yana da irin wannan labarin, sai dai nasa ƙarami ne.

In ka ci sa'a ka ga shekara a rubuce a saman ƙofa, ka yi murna amma da taka-tsantsan, domin sau da yawa shekarar gyara ce, mai gyaran ne ya so a tuna da shi. Idan ta Hijira ce, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara guda ba. Misali 1300 za ta ba ka 1883.

Baki da takarda

Matambayi ba ya ɓata, amma ya danganta da wanda ya tambaya da yadda ya yi tambayar. Mai yi wa baƙi jagora ya riga ya haddace labari ɗaya mai daɗin ji. Waɗanda na fi ƙaruwa da su su ne tsofaffin magina, ladan ko mai sharar wurin ibada da ya shekara arba'in a nan, da tsofaffin matan gida, waɗanda suka san wane ɗaki aka ƙara lokacin auren wa. Ka same su ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin taro kowa bin bakin babba yake yi. Kada ka tambayi "shekara nawa", ka tambayi "a zamanin wa", "kafin zuwan jirgi ko bayansa", "kana da wayo lokacin da aka sa kwanon nan". Kuma kullum ka rufe da "wa ya ba ka wannan labarin". Wanda ya ce kakansa ne ya ɗauki ƙasar ginin a ka, maganarsa ta fi ta wanda ya ji a rediyo nauyi. Idan aka ba ka jerin iyaye da kakanni, ka ba kowane mataki shekara 25 zuwa 30, za ka samu ƙiyasi mai dama-dama.

Na taɓa cin karo da wannan a farkon aikina. Wani gida ne da kowa a unguwar ya tabbatar mini ya haura shekara ɗari uku, na rubuta haka a rahoto ban yi wata-wata ba. Bayan an daɗe na ga wani tsohon hoto da aka ɗauka daga sama, filin gidan babu komai sai itatuwa. Da na koma, wata tsohuwa a gidan ta yi dariya ta ce ai zuriyar ce ta shekara ɗari uku a garin, gidan kuwa mahaifinta ne ya gina bayan sun taso daga wata unguwa. Ba wanda ya yi mini ƙarya, ni ne ban iya tambaya ba.

Takarda kuwa tana nan fiye da yadda ake zato: takardun filaye, tsofaffin taswirori a ofishin safiyo, rahotannin hukuma a gidan adana takardun tarihi, tsofaffin jaridu, da hotunan biki da ke cikin akwatunan mutane, inda ginin ya fito a bayan amarya ba da niyya ba. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana nuna hotunan shekarun baya, za ka ga abin da ya ɓace kwanan nan. Rubuce-rubucen matafiya suna da amfani. Heinrich Barth, alal misali, ya zana taswirar Kano bayan zuwansa a 1851, har yau ana gwada ta da abin da ke ƙasa. Sai dai baƙo ne, kwanaki ya yi, yakan ji suna a karkace, yakan kuma auna abin da ya gani da mudun ƙasarsu. Rubutu ba ya zama gaskiya don kawai an buga shi. Inda gini da baki da takarda suka haɗu, ka riƙe da ƙarfi. Inda biyu suka haɗu, ka ce "da alama". Inda ɗaya ne kawai, ka ce "an ce", kuma babu abin kunya a faɗin haka a gaban baƙo.

Za ka ji ana maganar gwajin kimiyya da ke gano shekarun itace ko gawayi. Yana aiki, amma lokacin da itacen ya mutu yake nunawa, magina kuwa sun saba cire azara mai kyau daga kango su sa a sabon gini.

Shiga da fita

Yawancin wuraren nan ba gidan kallo ba ne, akwai masu kwana a ciki, akwai masu ibada. Ka nemi izini kafin ka shiga ko ka ɗaga waya, ka faɗi abin da ya kawo ka, domin baƙon da ke auna bango yana rubutu yakan tayar wa masu gida hankali su zaci filin ake so a karɓe. Kada ka hau ganuwa ko rufin soro, kada ka ɓantari komai don ajiya. Da damina ka yi hattara sosai da ginin da aka daina kula da shi. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na masallacin Zariya da na ambata ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka. Idan ka ga tsaga mai faɗi, ko rufi ya yi ciki, ko gara ta ci kan azara, ka fita ka sanar da masu wurin. Hukuncin ko bango zai tsaya ko ba zai tsaya ba aikin magini ne ko injiniya da ya je ya gani da idonsa, ba abin da ni ko wani zai yanke daga nesa ba ne.

Game da simintin da ya dame ka, ra'ayina a fili yake: shafa siminti a kan ginin ƙasa garin gyaran gira ne a rasa ido. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Siminti yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ko ya taso daga ƙasa, ya rasa hanyar fita, bangon ya riƙa narkewa a ciki alhali waje yana sheƙi. Gyaran indararo da sabunta yaɓe a kan lokaci sun fi masa amfani nesa ba kusa ba. Amma ƙofar da aka rushe gaba ɗaya aka sake da bulo, duk da ba na jin daɗin ganinta, ba na raina ta. Tana riƙe da wurin, tana riƙe da sunan, kuma daga ita za ka iya bin sawun ganuwar hagu da dama.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka riƙa ajiye abin da ka gani. Hoto ta kowace kusurwa huɗu, da mutum a tsaye a gefe don a gane tsayi, da kwanan wata, da sunan da mutanen wurin ke kiran ginin. Lokacin da masu ɗauke da makamai suka rusa hubbarorin waliyyai a Timbuktu a 2012, magina 'yan garin ne suka sake tayar da su cikin 'yan shekaru, kuma abin da ya taimaka shi ne sana'ar tana hannunsu, ga kuma tsofaffin hotuna da bayanan da aka tattara. Garuruwa da yawa ba su da ko wannan, ginin yakan tafi a damina ɗaya ko a kwangilar faɗaɗa titi ɗaya.

Ban ga ƙofarku ba, don haka ba zan raba gardamar dattawan nan daga inda nake zaune ba. In ka samu sarari, koma ka ɗauko mini hotonta ta baya da ta gefen da ta haɗu da ragowar ganuwa, in akwai, ka auna kaurin bangon da taku, ka kuma tambayi dattijon da ya ce ɗari biyar ko a zamanin wane sarki aka ce an buɗe ta.